Askin Furen Wardi a Bauchi: Yadda Ake Zaɓen Almakashi da Sauran Kayan Aiki

Shekarar da na fara shuka furen wardi a tsakar gidana da ke Fadaman Mada, tushe shida na sayo a hannun masu fulawar nan da ke sauke kaya daga Jos. Damina ta karɓe su, suka yi tsawo suka baje, har na fara jan baƙi zuwa bayan ɗaki don su gani. Da ruwa ya ɗauke aka ce mini ai ana yi musu aski. Ban yi wata-wata ba na ɗauko addar da muke sassabe da ita na bi manyan rassan, ƙananan kuwa na sa musu almakashin ɗinkin uwargida, laifin da har yau ba a gama yafe mini ba. Kafin wata biyu, huɗu sun bushe tun daga sama har gindi. Na ɗora wa hunturu, na ɗora wa gara, har ruwan rijiyarmu sai da ya sha zargi.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin lambu a gidajen GRA ne ya warware mini. Ya tsuguna ya kama guntun reshe ɗaya yana juyawa.

"Alhaji, da me ka yanka wannan?"

Na gaya masa. Ya jinjina kai ya ce, "Ai wannan ba yanka ba ne, tauna ce."

Sai ya nuna mini. Reshen ya tsage ƙasa kamar tsawon gaɓar yatsa, ɓawon ya saɓule ta gefe guda, tsakiyar kuma ta yi baƙi. Reshen wardi ba irin na mangwaro ba ne. Bayansa ne kawai ke da tauri, cikinsa laushi gare shi kamar totuwar kara. In ƙarfe mai kaifi ya ratsa shi sau ɗaya, bakin zai bushe ya rufe cikin 'yan kwanaki. In kuwa aka murƙushe shi, cuta ta sami ƙofa, iskar hunturu ta shiga tsagar ta busar da shi, mutuwar ta riƙa bin reshen ƙasa a hankali har ta tarar da gindi. Tun daga ranar na daina auna kayan aski da kyan fenti ko sunan kamfani. Bakin da ƙarfe ya bari a jikin reshe nake dubawa.

Mataki na farko: kafin kasuwa, zagaya lambunka

Wanda ya fara da kasuwa, mai shago zai ɗora masa abin da ya daɗe a kanta. Kai fara da shukarka. Bi ta tushe-tushe ka dubi kaurin rassan da za ka cire, ka auna da hannunka, ba sai ka nemi tef ba.

Reshen da ke tsakanin kaurin fensir da na babban yatsa, wato wanda bai haura santimita 2 ba, aikin almakashin hannu ɗaya ne. A gidan da wardinsa bai wuce shekara uku ba, kusan duk aikin a nan ya tsaya. Wanda ya fi babban yatsa amma bai wuce ƙotar fartanya ba, santimita 2 zuwa 4, dogon almakashi mai hannu biyu yake so. Tsohon reshe na can gindi da ya yi toka-toka ya sandare, ko wanda ya kutsa tsakanin 'yan'uwansa har bakin almakashi ba zai iya buɗewa ba, wannan na zarto ne.

Ka kuma dubi irin wardin. Mai babban fure ɗaya a kan doguwar sanda, irin wanda ake yanka a sa a kwalba, shi ya fi son aski mai zurfi. Mai fure cunkus a kan reshe ɗaya sama-sama ake rage shi, a yawaita cire furen da ya yi yaushi. Mai yaɗo da ke hawa katanga shi ke tara tsofaffin rassa da ƙaya kamar ta sarƙaƙiya, mai shi ba zai tsira daga sayen zarto da doguwar safa ba. 'Yan ƙananan cikin tukunya kuwa, ɗan almakashi mai siririn baki ya ishe su.

Sai yawa. Mai tushe uku a bakin ƙofa da mai ɗari biyu da ke kai fure wuraren biki ba buƙatarsu ɗaya ba. Na farkon in ya sayi na tsaka-tsaki ya kula da shi, zai daɗe yana mora. Na biyun yana matsa hannu sau dubbai a mako, in ya bi araha a wuyan hannunsa zai biya cikon.

Mataki na biyu: mai saɓani ko mai maƙera

Abin da ake kira almakashin fulawa iri biyu ne, kuma daga nesa kama suke, shi ya sa ake yawan sayen kuskure.

Na farko bakinsa biyu ne masu saɓa wa juna kamar na tela. Na sama wuƙa ce mai lanƙwasa da kaifi, na ƙasa ƙugiya ce mai kauri da ke tallafe reshe, wuƙar ta zo ta gifta ta gefenta. A jikin kwali za ka ga an rubuta Bypass. Na biyu wuƙa ɗaya ce miƙaƙƙiya da ke sauka a kan wani ɗan dandamali na ƙarfe mai laushi ko roba, kamar yadda mahauci ke ɗora nama a kan gungume ya sara. Shi ake rubuta wa Anvil, wato maƙera.

Na wardi shi ne mai saɓani. Mai maƙera yana da ƙarfi, ba ya gajiyar da hannu, a kan busasshen reshe kuma babu kamarsa. Amma ɗanyen reshe matse shi yake yi tsakanin wuƙa da dandamali kafin ya yanke, ɓawon ƙasa ya dagargaje. Ga bakinsa da faɗi, ba ya kusantar gindin reshe, sai ya bar maka guntu, guntun nan kuwa shi ke fara ruɓewa. Akwai ƙwararrun da ke riƙe mai maƙera mai tsananin kaifi su yi yanka tsaf, ban musa ba. Sai dai da ya ɗan dakushe ya koma filaya, alhali mai saɓani ko ya fara dakushewa yana ɗan yi maka kara. In kuɗin ɗaya gare ka, sayi mai saɓani. Akwai kuma wani da ake matsawa sau uku ko huɗu yana ƙas-ƙas kafin ya yanke. Yawancinsa dangin mai maƙera ne, yana taimakon dattijo ko mai ciwon gaɓɓai wajen busassun rassa, amma ba shi ne na aikin yau da kullum ba.

Kayan nan ba su tsufa can-can ba. A Faransa aka ƙirƙiro almakashin aski a farkon ƙarni na 19, ana danganta shi ga wani tsohon ministan Sarki Luwi na 16 mai suna Bertrand de Molleville. Kafin nan da lanƙwasasshiyar wuƙa masu inabi da masu wardi ke aikinsu. Mai maƙera ya biyo baya a 1923 daga Jamus, ƙirar kamfanin Löwe. Wanda ya fi suna a duniya shi ne mai jan hannun nan, Felco 2 na ƙasar Suwizalan, da aka fara ƙerawa a 1948. Nauyinsa giram 240, yana yanka har kaurin milimita 25. Ban kawo shi don in ce ka saya ba, tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, kuma galibi sai an yi odarsa. Dalilin shahararsa ne abin dubawa: duk wani ɓangare nasa ana kwancewa a sauya, wuƙa, noti, da sifirin da ke buɗe bakin in an saki. Da wannan ma'aunin za ka shiga kasuwa. Japanawa na da Okatsune da ARS masu taurin ƙarfe. A shagunanmu kuwa abin da ka fi cin karo da shi 'yan China ne irin su Ingco da Total da Tolsen, da tarin marasa suna. A cikinsu akwai na aiki akwai na ado, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mataki na uku: gwaji a gaban mai shago

Shagunan kayan gini da na kayan noma za ka nufa, a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ko Babbar Kasuwa. In kana da mai zuwa Jos, tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka, can kayan lambu sun fi yawa saboda can ne gidan masu fulawa. Ko ina za ka je, sa abu biyu a aljihu: ɗanyen reshen dogon yaro mai kaurin fensir, da fallen takarda.

Yaron shago zai ce maka, "Yallaɓai, ba a buɗe kwali." Ka ce masa ba ka cinikin biri a sama. Mai kaya mai kyau ba ya tsoron a buɗe. In ya ƙi, shago na gaba.

Da ya miƙo maka, fara da rufe bakin ka ɗaga shi saitin haske. Wuƙa da ƙugiya su haɗe tun daga gindi har tsini, kada haske ya ratsa tsakaninsu. Ko siririn haske ka gani, ta nan ɓawon reshe zai riƙa shigewa yana tsagewa maimakon ya yanke. Sannan buɗe shi ka kama hannayen biyu ka girgiza su gefe da gefe. In yana lakwaf-lakwaf, duba abin da ya haɗa su a tsakiya. In noti ne da za ka iya ɗaurewa da sifana, da sauƙi. In kuwa ƙusa ce aka daddage kanta, babu ɗaurewa babu kwancewa, ajiye masa abinsa. Irin wannan ranar da ya saki ya gama aiki, kuma ba ya daɗewa bai saki ba.

Yanzu takarda. Yanka ta da gindin wuƙar, da tsakiya, da tsini. Mai kyau zai yanka ta sumul a duk wuraren uku, maras kyau zai naɗe ta a tsakanin bakinsa. Sai reshen dogon yaro. Matsa sau ɗaya, kada ka murɗa hannu. Kawo bakin yankan kusa da ido ka duba. So ake ya fito santsi, ɓawon a zagaye ba inda ya ɗaye, ba zare-zare a gefe. Na taɓa gwada guda uku a shago ɗaya, wanda ya fi araha a cikinsu ya fi mai tsadar yanka, don mai tsadar jabu ne da aka manna wa sunan wani kamfani. Jabun manyan sunaye sun cika gari. In ka ga babban suna a farashin gyaɗa, ka san inda aka dosa.

Dubi sifirin. Akwai na naɗaɗɗen faifan ƙarfe mai kama da katantanwa, akwai na waya. Kowanne na aiki, abin lura shi ne ya buɗe bakin da kansa da ka saki, kuma kada ya yi tsalle ya fita. Sifirin da ya faɗa cikin ciyawa ya tafi kenan. Makullin da ke rufe bakin kuma ya kasance babban yatsa na iya juya shi, amma ba mai rufe kansa tsakiyar aiki ba. Wannan ƙaramin abu ne a shago, a lambu kuwa zai sa ka yi jifa da almakashin.

Batun ƙarfe. In ka ga an rubuta SK5 a jikin wuƙar, ƙarfe ne mai yawan kabon, yana ɗaukar kaifi ya riƙe, yana kuma wasuwa da sauƙi, amma tsatsa na sonsa. Farin ƙarfe maras tsatsa ya fi haƙurin damina, sai dai mai arahar cikinsa ba ya riƙe kaifi. Ni na fi son mai kabon, don shafa mai ya fi mini sauƙi da wasa wuƙa kowane kwana biyu. Baƙin fentin da ake shafa wa wuƙa don kada ta yi danƙo kada ya ruɗe ka, wata biyu ya goge. Hannun kuma ya kasance ƙarfe ko alminiyam da aka sa wa rigar roba. Na roba zalla rana ɗaya za ka manta shi a waje cikin zafin Afrilu, ya fara tsatstsagewa. In ka sami mai jan hannu ko ruwan lemo ɗauki shi, kore ɓacewa yake a cikin ganye.

Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: hannunka. Riƙe shi a buɗe. Yatsunka huɗu su kamo hannun ƙasa ba tare da ka miƙe su iya miƙewa ba. Yawancin waɗanda ake kawowa tsawon inci 8 ne, na hannun namiji. Hajiyar da ke kula da fulawarta da kanta ta nemi mai inci 7 ko ƙasa da haka, in ba haka ba da hannu biyu za ta riƙa matsawa, yankan ya karkace. Bahago kuma ya sani ana ƙera nasa daban, Felco 9 misali, wanda wuƙarsa ke ɗaya gefen.

Mataki na huɗu: dogon almakashi da zarto

Dogon almakashi mai hannu biyu, shi ma mai saɓani za ka nema, kuma duk gwajin da ka yi wa ƙaramin ka yi masa. Hannu mai tsawon santimita 50 zuwa 60 ya isa wardi. Wanda ya fi haka nauyi ne kawai, ba ya juyuwa a tsakiyar tushe. Amfaninsa biyu ne, ƙarfi da nisa, don yana kai ka gindin shuka ba tare da ka cusa damtse cikin ƙaya ba. Ka ɗauki lambar da aka rubuta a kwali da ragi. In an ce yana yanka milimita 40, ka tsaya a 30.

Zarton aski ɗan ƙarami ne mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, ruwansa santimita 15 zuwa 18, siriri, kuma yawancinsa a jawowa yake ci ba a turawa ba. Wanda bai san haka ba zai danna shi gaba da ƙarfi ya lanƙwasa ruwan. Zarton kafinta ya yi faɗi, kana yanka reshe ɗaya yana yagar na kusa. Na yankan ƙarfe kuwa haƙoransa ƙanana ne, ɗanyen itace na toshe su, amma in ba wani zai fitar da kai kunya a kan reshe ɗaya ko biyu. Tsakanin dogon almakashi da zarto, in ɗaya za ka iya saya, ni zarto zan ce. Duk abin da dogon almakashi ke yi zarto zai yi a hankali, amma akwai lungun da zarto kaɗai ke shiga.

Babban almakashin shinge, mai dogayen baki da ake daidaita kan fulawar bakin katanga da shi, ba na wardi ba ne. Yanka yake ba ya tambayar inda ido yake, wato ɗan kumburin da sabon reshe ke tsirowa daga shi. Adda da lauje da barandami su tsaya a gona. Wuƙa mai kaifi kuwa tana da gurbi, wajen gyara bakin da zarto ya bari da kaushi, da wajen masu aure, wato ɗaura idon wani wardi a jikin wani.

Mataki na biyar: abin da zai kare ka

Safar hannu ta ulu ko ta roba irin ta wanke-wanke, ƙayar wardi ba ta ma san da ita ba. Ta fata ake so, mai laushin da zai bar yatsu su motsa, mai tsawon da ya kusa gwiwar hannu. Safar masu walda tana karewa amma ta yi kauri, ba ka jin almakashi a hannunka. Dabarar da na yi ita ce, na sa ta walda a hagu, hannun da ke kama reshe, na sa siririya ta fata a dama. Daga baya na kai wa wani baduku fatar akuya ya ɗinka mini hannun riga biyu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, da maɗauri. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, ga shi har yau suna nan.

Kada ka shiga wardi da babbar riga ko mayafi mai baza, ƙaya za ta kama ka ta ko'ina. Tsohuwar riga mai kauri da dogon hannu, da takalmi rufaffe. Mai askin wardin katanga ya sa tabarau, don reshen da aka ja aka saki fuska yake nema. Sukar ƙaya kuma ba abin rainawa ba ce ga mai wasa da ƙasa da taki. Wanke da sabulu nan take, ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta tsufa ba, in wurin ya kumbura ko ya ƙi warkewa ka je asibiti.

Mataki na shida: dutse, mai da sifirit

Wanzami ba ya fita da aska ba dutse. Ranar da ka sayi almakashi ka sayi ɗan dutsen wasa wuƙa mai laushi, ko siririn magagari mai ƙananan haƙora, da kwalbar man keken ɗinki, da sifirit na kyamis, da soson ƙarfe.

Wuƙar mai saɓani gefe ɗaya kawai ake wasawa, gefen da ke da gangare. Ɗaya gefen, wanda ke gogar ƙugiya, a shafe yake kuma a shafe zai zauna. Ranar da aka ci shi da dutse an buɗe tsagar hasken nan da ka guje wa a shago, ba ta kuma rufuwa. Saboda haka kada ka miƙa shi ga masu wasa wuƙa na kasuwa masu injin wuta. Su gefe biyu suka saba ci kamar wuƙar mahauci, kuma zafin injin na kashe taurin ƙarfen, ka ga bakin ya yi shuɗi-shuɗi. Na yi asarar guda ɗaya a haka, cikin minti biyu.

Yadda ake yi: shafa tawadar alƙalamin maka a kan gangaren wuƙar. Ɗiga mai ko ruwa a dutsen, ka ɗora shi daidai kwanciyar gangaren, wajen digiri 20 zuwa 25, ka tura daga gindi zuwa tsini kana bin lanƙwasar. In tawadar na gogewa bai-ɗaya, hannunka na daidai. In bakin-bakin kawai ke gogewa ka tayar da dutsen da yawa. Sau goma zuwa goma sha biyar ya isa. Sai ka juya, ka kwantar da dutsen shafe a bayan wuƙar ka shafa sau ɗaya ko biyu don cire ɗan gashin ƙarfen da ya tashi. Koma kan takarda ka gwada.

Sifirit na hana ka zama mai raba cuta. Reshen da ya yi baƙi ko ya yi tabo, in ka yanke shi ka wuce tushe na gaba da wuƙar, ka kai masa tsaraba. Jiƙa tsumma ka goge bakin tsakanin tushe da tushe, musamman bayan maras lafiya. In babu sifirit, ruwan bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara na aiki, amma yana cin ƙarfe, sai ka ɗauraye ka shanya ka shafa mai bayan an gama.

Yanayinmu na yaƙar ƙarfe ta fuska biyu. Ƙurar hunturu na shiga mahaɗar ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, danshin Agusta kuma na kawo tsatsa ko a cikin ɗaki. Bayan kowane aiki goge danƙon da soso, busar, ɗiga man keke a mahaɗa da sifirin. Man gyaɗa ko man ja kada ka fara, daskarewa suke su kama. Sau ɗaya a shekara kwance notin ka wanke komai da kananzir ka mayar, ka ɗaure har bakin ya daina girgiza amma sifirin na iya buɗe shi. Ka kuma ɓoye shi. Almakashin da aka bari a taga, gobe za ka tarar an yanka wayar shanya da shi, wuƙar ta yi giɓi.

Mataki na bakwai: ranar aski

A Ingila wardi na barci da sanyi, a yi masa aski mai zurfi kafin ya farka. Namu ba ya barci, saboda haka ba a yi masa ƙwal-kwabo. Ni nakan yi babban aski daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, in rage kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tsawo, in bi da taki da ban-ruwa. Mako shida zuwa takwas fure ya fito, ya faɗa cikin sanyin Disamba da Janairu, lokacin da ya fi girma da daɗewa. Maris da Afrilu, da zafi ke taɓa digiri 40, ban da cire mataccen fure ba na taɓa komai, ganyen shi ne inuwar rassan. Bauchi tudunta wajen mita 600 ne, Jos kuwa ta ninka haka, don haka abin da mai fulawar Jos ya ce maka game da lokaci ka rage masa wani abu.

Da sassafe ake yi. Fara da zarto a gindi, ka fitar da matattu da tsofaffin da suka daina fure. Sai masu gogar juna da masu kutsawa tsakiya, har tushen ya buɗe kamar ƙwarya iska na ratsawa. Sannan ɗauki ƙaramin almakashi ka rage sauran.

Nemi ido, ɗan kumburin da ke saman inda ganye ya fito, ka zaɓi wanda ke kallon waje, don inda ido ya kalla nan sabon reshe zai nufa. Yanka milimita 5 ko 6 a samansa, a karkace, gangaren ya bi bayan idon don kada ruwa ya kwanta masa. Riƙe almakashin ta yadda wuƙar ke gefen da zai zauna a jikin shuka, ƙugiyar ke gefen da zai faɗi, don ƙugiya na barin ɗan tabo, gara tabon ya tafi da abin zubarwa. Cusa reshen can gindin bakin, ba a tsini ba. In ka matsa ya ƙi, kada ka murɗa kada ka sa hannu biyu, reshen ya fi ƙarfinsa ne, ɗauko na gaba da shi. Bayan kowane yanka dubi totuwar. Fara ko mai ɗan kore lafiya ce. In ruwan ƙasa ce, sauka ido na gaba ka sake, har ka tarar da fara. Manyan bakuna nakan ɗiga musu farin gam na kafinta saboda ƙwarin da ke huda totuwa.

Tohon da ya fito daga ƙarƙashin mahaɗar aure, daga saiwar da aka ɗaura wardin a kanta, ba a yanka shi da almakashi, yankan ƙara masa 'ya'ya yake. Tone ƙasar ka kai inda ya tsiro, ka sa safar walda ka fizge shi.

Rassan da ka zubar kada su kwana a tsakar gida inda yara ke yawo ba takalmi, kada kuma su shiga ramin taki, ƙaya ba ta ruɓewa da wuri. Tara su a buhu, su bushe a ƙone. Kafin nan ka tsinci masu lafiya masu kaurin fensir, ka yanka su tsawon santimita 20, ka cire ganyen ƙasa, ka soka rabinsu a cikin yashi mai danshi a inuwa, ka kifa musu gorar roba da aka yanke wa gindi. Ba duka za su kama ba, saboda haka soka goma in uku kake so.